Me ya kamata laburarenmu ya yi in saba ta amsa da 401 ko 403?

Mutari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Muna da manhajar Android da wakilan wata ƙungiyar adashe ke rubuta zubin mutane da ita, wasu nan cikin gari, Birni da Zango da kewayen kasuwar Dole, wasu kuma a Mirya, Matamai da Magarya. An ba ni aikin in ware duk abin da ke magana da saba, wato kwamfutar da manhajar ke aika wa bayanai ta intanet, in mai da shi laburare guda, wato tarin kod da manhajoji ke ɗauka su yi aiki da shi, da harshen Kotlin a kan laburaren OkHttp mai aika buƙatu zuwa saba, don manhajar wakilai da ta biro su riƙa amfani da abu ɗaya. Kod ɗin da na tarar dokarsa ɗaya ce: da zarar amsa ta zo da 401 ko 403, a goge tikiti, wato shaidar da saba ke ba wanda ya shiga, a mai da mutum shafin shiga. Wakilai suna ta kuka cewa ana fitar da su ana tsakiyar aiki, ga mai zubi tsaye da kuɗi a hannu, kuma a ƙauye kafin rezo ya bari su sake shiga an daɗe. Saba tana aiki da tsarin ba da izini na OAuth 2.0, tikitin shiga na awa ɗaya, da tikitin sabuntawa da ake karɓo sabon tikitin shiga da shi. Ta ina zan fara?

Malam Lawali:
Wa alaikumus salam Mutari. Fara da raba lambobin nan biyu, don ba magana ɗaya suke faɗa ba. 401 na nufin saba ba ta karɓi shaidar da ka kawo ba, ko babu ita, ko ta tsufa, ko an soke ta. 403 na nufin ta fahimci abin da kake so kuma ta ƙi. RFC 9110, kundin ƙa'idar HTTP da manhaja da saba ke magana da ita, wanda ya fito a 2022, ya faɗa a fili cewa in an amsa maka da 403, kada ka sake tura buƙatar kai tsaye da shaidar da ka tura da farko. Ke nan a 403 ba sabunta tikiti, ba fitar da mutum. Wakilin Matamai da ya danna rahoton wakilin Magarya a ce masa ba shi da izinin ganin wannan, ya ci gaba da aikinsa.

A 401 kuma kada ka tsaya a lamba. Ƙa'ida ta wajabta wa saba ta haɗa 401 da layin WWW-Authenticate, kuma RFC 6750 na 2012 ya tsara abin da ake rubutawa a ciki ga irin tikitinku. In ka ga invalid_token, tikitin ne ya lalace ko ya ƙare, nan ne za ka sabunta. insufficient_scope shi da 403 yake zuwa. In kuwa 401 ɗin ya zo babu wata kalmar kuskure, galibi ba a ma liƙa tikiti a jikin buƙatar ba, gyaran a kod yake.

Ilya:
Malam, ni ɗalibi ne, a yi mini haƙuri da tambaya. A aikin da muka yi a jami'a da Django REST Framework, wani kayan gina saba, mutumin da bai shiga ba sam 403 yake samu, ba 401 ba. In laburare ya bi abin da ka ce, ai ba zai taɓa sabunta komai ba a irin wannan sabar.

Malam Lawali:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena. Haka yake. A Django REST Framework, ajin tantancewa na farko a jerinka shi ke yanke hukunci. In SessionAuthentication ne a gaba, ba shi da layin WWW-Authenticate da zai bayar, sai a mai da amsar 403. Ko GitHub, in ka wuce iyakar buƙatu, yana iya ba ka 403 ko 429, sai ka duba x-ratelimit-remaining ka ga ya kai 0 kafin ka gane ba maganar izini ba ce. Shi ya sa wurin da ke fassara amsar saba ya kamata ya zama aiki ɗaya a cikin laburaren, wanda za a iya sauyawa in saba ta sauya. Sabar su Mutari ni na san ta, 401 take bayarwa yadda ya dace.

Hadiza:
Mutari, tunda OkHttp ne, yi amfani da Authenticator nasa, shi ake kira duk sanda 401 ya dawo. Amma abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na farko, sau ɗaya tak za ka sake gwadawa. Duba priorResponse, in ka ga an riga an yi 401 a baya a kan wannan buƙatar, mai da null ka haƙura. In ba ka yi haka ba, OkHttp zai yi ta zagaye har sau 20 kafin ya jefa kuskure, kuma kowane zagaye kuɗin intanet ɗin wakili yake ci.

Na biyu ya fi cin rai. Wakili ya wuni a ƙauye ba rezo, zubi talatin sun taru a layi. Yana hawa kwalta rezo ya dawo, manhaja ta saki buƙatu da yawa lokaci guda, dukkansu ɗauke da tikitin da ya mutu tun hantsi. Kowace ta samu 401, kowace ta ruga sabuntawa da tikitin sabuntawa guda. In sabarku tana sauya tikitin sabuntawa a duk amfani, ta farko ce kawai za ta ci nasara. Sauran sun kawo tsohon tikiti, saba ta ɗauka sata ce, ta soke har da sabon. Ina da yaƙinin rabin kukan wakilanku daga nan yake.

Maganinsa kulle. Wadda ta fara isa ta riƙe kulle ta je ta sabunta, sauran su jira. In ta saki, kowace ta duba: tikitin da na tafi da shi, shi ne har yanzu a ajiye? In ya sauya, wata ta riga ta sabunta, sai kawai ta ɗauki sabon ta sake tafiya. Wannan dubawar bayan samun kulle ita ce mutane ke mantawa. Kuma kiran sabuntawar a yi shi da wani OkHttpClient dabam wanda ba a ɗaura masa Authenticator ba, don kada ya kira kansa.

Mutari:
Yaya Hadiza, na gode. Eh, sabarmu tana sauya shi a duk amfani. To amma ba za mu roƙi masu saba su kashe sauyawar ba mu huta?

Sanusi:
A'a, kada ma a kai wannan maganar. Manhajar salula ba ta da inda za ta ɓoye sirrin da mai wayar ba zai iya tonowa ba. RFC 9700 da ya fito a Janairun 2025 ya ce irin waɗannan manhajoji, ko dai a ɗaure tikitin sabuntawa da na'urar da ke riƙe da shi, ko a riƙa sauya shi. Wannan sauyawar ita ce ke sa a gane an kwafi tikiti. Kuɗin mutane ne fa a ciki, na masu tuyar ƙosai da ƴan kabu-kabu masu zuba dala ɗari-ɗari kullum.

Kuma ni ban ga laifin tsohon kod ɗin gaba ɗaya ba. In sabuntawa ta faɗi, a goge komai a fitar da mutum. Waya tana ɓacewa, ana sace ta, wakili yana ba ƙanensa ya riƙe. Na fi son a wahalar da wakili da sake shiga a kan a bar ƙofa buɗe.

Malam Lawali:
Sanusi, kan sauyawar muna tare. Amma "sabuntawa ta faɗi" ba abu ɗaya ba ne, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin Mutari.

In ka tura tikitin sabuntawa, abu uku ke iya faruwa. Saba ta ba ka sabo. Ko ta amsa da 400 da kalmar invalid_grant, wato tikitin ya ƙare ko an soke shi, wannan hukunci ne daga wanda ke da ikon yankewa, dole mutum ya sake shiga da kalmar sirrinsa. Ko kuma ba ka ji komai ba: lokaci ya ƙare, rezo ya yanke, ko saba ta ce 502 ko 503. A na ukun nan babu wanda ya ce wakilin ba shi ba ne. Ba a ma tambaya ba. Laburaren da ya goge tikiti don bai samu amsa ba, ya yanke hukuncin da ba nasa ba. A garuruwan da intanet ke tsaye wannan kuskuren yana iya shekara ba a lura da shi ba. Mu nan da kuran kan ɗauke, eriya ta mutu tare da shi, kullum sai ya faru.

To a na ukun, a bar tikitin inda yake, a gaya wa manhaja ba hanya, a jira a sake gwadawa ana ninka tazara, daƙiƙa 2, 4, 8, har zuwa wata iyaka, a ɗan cakuɗa lokacin don kada wayoyin duk su afka wa saba tare in rezo ya dawo. In kuma 429 ne ko 503 mai ɗauke da Retry-After, a bi lokacin da aka faɗa.

Rabi:
Ni ba mai rubuta kod ba ce, ni ke karɓar lissafin wakilai da yamma, Mutari ya sa ni cikin rukunin. Abin da nake so Malam Sanusi ya gane: in aka ce "a goge komai", har da zubin da bai kai saba ba ake gogewa. Na zauna da wata wakiliya da ta dawo daga kasuwar ƙauye, jakar kuɗi a cinyarta, kuɗin cif, amma wayar ta mai da ita shafin shiga, jerin sunayen ya tafi. Muka baje ƴan katunan da ta tuna, tana kiran mutane ɗaya-ɗaya tana tambaya nawa suka ba ta, har aka kira isha'i. Wata tsohuwa ta ce jaka biyu ta bayar, ita wakiliyar tana tuna jaka ɗaya da rabi. Wa za a gaskata? Amanar da aka daɗe ana ginawa a irin wannan daren take rushewa.

Sanusi:
Hajiya Rabi, na ji, kuma abin ba daɗi. Amma ki duba ɗaya gefen. An kori wakili yau don an kama shi da ha'inci, biro ya soke tikitinsa. Wayar na hannunsa da sunaye da lambobi da adadin kuɗin mutum ɗari biyu. In laburare bai goge ba, wa zai goge?

Hadiza:
Manhaja, Sanusi, ba laburare ba. Laburare bai san ko cikin manhajar wakili yake ko ta biro ba, bai san akwai zubi a layi ba. Aikinsa ya faɗi gaskiyar abin da ya faru da sunan da ba za a rikita ba. Ni da zan tsara, kurakurai kala huɗu zan fitar: ZamaYaKare in an samu invalid_grant, BaIzini in 403 ne, BaHanya in rezo ne ko saba ta kwanta, da AJira mai ɗauke da daƙiƙun Retry-After. Kowanne ya riƙe lambar HTTP da kalmar kuskuren saba. Abin da laburare zai goge da kansa shi ne tikitin da aka tabbatar ya mutu, shi ke nan.

Ita manhajar in ta ga ZamaYaKare sai ta rufe fuska, ba a ganin sunan kowa sai an sake shiga. Jerin mutane da aka sauko da shi daga saba a goge shi nan take, ai ana iya sake sauko da shi. Zubin da bai tafi ba kuwa a bar shi a rufe da makullin Android Keystore, ɗaure da lambar wakilin da ya rubuta shi. In shi ne ya sake shiga, layin ya tafi. In wani ne ya shiga a wayar, ba ya gani, ba a kuma tura shi da sunansa.

Sanusi:
Wannan ya fi. Amma korarren wakili ba zai sake shiga ba har abada, zubin ya maƙale ke nan a wayarsa. Kun ga ba ku tsira daga matsalar Hajiya ba, kun dai rage ta.

Rabi:
An rage ta ɗin ma alheri ne. Wanda aka kora ai sai ya kawo wayar biro, ta ƙungiya ce. In akwai hanyar da shugabar wakilai za ta buɗe layin da nata izinin, mun gama.

Mutari:
Wannan zan kai wa masu manhajar, ba na laburare ba ne, amma na rubuta. Akwai wani abu da ke damuna tun da Malam ya kawo abu na uku. A ce na tura sabuntawa, ta isa saba, saba ta sauya tikiti ta turo sabo, amsar ta mutu a hanya. Ni ina ganin BaHanya, na ajiye tsohon. In na sake gwadawa, na kawo tikitin da aka riga aka kashe. Kulle bai hana wannan ba.

Malam Lawali:
Ka taɓo inda ke ciwo. Kulle ba ya maganin wannan, kuma daga gefen waya kaɗai babu magani cikakke. Sai saba ta taimaka. Sabobin tantancewa da yawa suna da ɗan lokacin sassauci, inda tsohon tikitin sabuntawa ke ci gaba da karɓuwa na ƴan daƙiƙu bayan an sauya shi, saboda irin wannan yankewar. Sai a duba ko taku tana da shi. Abin da ke hannunka kai biyu ne. In sabuntawa ta yanke bayan an riga an tura, gwajin farko ya zama nan take, kada ka jira dogon lokaci ka wuce sassaucin. Sannan da sabon tikiti ya iso, rubuta shi a ma'ajiya kafin ka yi komai da shi. Na ga kod da ke fara sake tura buƙata sannan ya ajiye, batir ya mutu a tsakani, tikitin ya tafi.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar saba tana zuwa da expires_in, a wurinku 3600. In saura minti ɗaya ko biyu ya ƙare kuma ga rezo, sabunta tun kafin a saki layin, ba sai 401 ta zo ba.

Ilya:
To ba sai a buɗe tikitin a karanta exp, wato lokacin ƙarewarsa, ba, tunda JWT ne, irin tikitin da ake iya karanta abin da ke cikinsa? Mu haka muka yi, muka gwada da agogon waya.

Hadiza:
Kada ka dogara da agogon waya, Ilya. Wayoyin da wakilai ke riƙewa, wasu in batir ya mutu ƙurmus sai su tashi da kwanan watan wata shekara can baya, wasu kuma mai wayar ne ya saita da hannu. exp daƙiƙu ne tun daga farkon 1970 a agogon UTC, mu kuma muna gaba da UTC da awa ɗaya. In mutum ya bar yankin lokaci ba daidai ba ya gyara awa da hannu don fuskar ta yi daidai, lissafinka ya karkace da awa guda, wato tsawon ran tikitin gaba ɗaya. Ƙirga expires_in daga lokacin da amsa ta iso da SystemClock.elapsedRealtime, shi ba ruwansa da saitin agogo. Yana komawa sifili in an kashe waya an kunna, to a nan sai ka ɗauka ba ka sani ba, ka bar 401 ta gaya maka. Kuma tikitin shiga na saba ne, gobe tana iya daina ba da JWT, laburaren da ke leƙa cikinsa ya karye.

Wani abu: agogon da ya koma baya sosai yana hana TLS, wato haɗin sirri tsakanin waya da saba, ɗaurewa, don takardar shaidar saba za ta zama kamar lokacinta bai zo ba. Wannan ma kada ya faɗa cikin ZamaYaKare. Gara a ce wa wakili ya duba kwanan watan wayarsa.

Mutari:
Sake tura POST, wato buƙatar da ke rubuta zubi a saba, bayan 401 fa? Tsorona kada zubi ya shiga sau biyu.

Malam Lawali:
Bayan 401 ba komai, ma'anar lambar ita ce ba a aiwatar da buƙatar ba. Haɗarin yana wurin wadda ta tafi ba amsa. Don haka kowane zubi a ba shi lambarsa ta UUID, wadda ba za ta yi karo da ta wani zubi ba, tun sanda wakili ya danna ajiye, ba sanda ake turawa ba, a riƙa aika ta a layin Idempotency-Key kamar yadda Stripe ke yi, saba ta ƙi rubuta lamba ɗaya sau biyu. Wannan sai an yi aiki a gefen saba, zan duba.

Sanusi:
Tunda an ƙi shawarata ta gogewa, a karɓi wannan. Kada tikiti ya shiga rajistar aiki ko saƙon kuskure. In kana amfani da HttpLoggingInterceptor, sa redactHeader a kan Authorization, kuma kada a rubuta jikin amsar sabuntawa ko kaɗan, tikitocin biyu a ciki suke. Nan rukunin ma na sha ganin an ɗauki hoton fuskar kwamfuta ana neman taimako, tikiti baro-baro a jiki. Sannan Authenticator ya duba sunan sabar da ta ce 401 kafin ya liƙa tikiti. OkHttp yana cire Authorization in an karkatar da buƙata zuwa wata saba dabam, to kada kod ɗinka ya mai da shi da hannunsa.

Ina kuma so a saba a riƙa ba da 404 maimakon 403 ga asusun da ba na wakilin ba, yadda GitHub ke yi da ma'ajiyar kod ta sirri. 403 tana tabbatar wa mai lalube cewa asusun yana nan.

Hadiza:
Ƙa'ida ta yarda da hakan, amma ka sani in aka yi, laburare ba zai iya bambance "babu" da "ba naka ba ne" ba. In aka sauya wa mai zubi wakili, tsohon wakilin zai ga kamar an goge asusun, ya kira Hajiya Rabi hankali tashe.

Rabi:
Hakan na faruwa kusan duk wata, sanda ake raba unguwanni. In saƙon zai ce "wannan asusun ba ya cikin jerinka, tuntuɓi biro", ya ishe ni, ko wace lamba ce a ƙasa.

Mutari:
To saƙo ɗaya ga duka biyun a manhajar wakilai, laburare kuma ya miƙa lambar yadda ta zo. Zan fara da gwaje-gwaje a MockWebServer, sabar wucin gadi ta gwaji, kafin in taɓa kod ɗin: buƙatu goma su samu 401 tare a ga sabuntawa ɗaya ce ta fita, 401 sau biyu a jere a ga an tsaya, 503 a wurin sabuntawa a ga tikiti na nan, invalid_grant a ga tikiti ya tafi layi bai tafi ba, da yanke haɗi bayan an karɓi buƙatar sabuntawa. Malam Lawali, sassaucin nan daƙiƙa nawa za mu nema?

Malam Lawali:
Bari in fara ganin abin da sabar ke iya yi. Ni zan so 30.

Sanusi:
Na yarda da 30 bisa sharaɗi: duk sanda aka karɓi tsohon tikiti cikin sassaucin, saba ta rubuta lambar wakili da lokaci, mu riƙa dubawa. In na ga wakili ɗaya yana yawan faɗawa ciki daga wurare biyu mabambanta, zan dawo da maganar a rage shi.